Wasiƙar da Babu "Na" a Cikinta

Shekara uku na yi a lakwal, makarantar boko, biyu daga ciki a aji ɗaya. Mushe, malaminmu, ya ce kaina tulu ne da ba a gasa ba, ruwan da aka zuba da safe ba ya kai azahar. Ban yi masa gardama ba, na ɗauki allona na koma gida. Amma da ɗan abin da ya maƙale a gindin tulun na zama mai karatun wasiƙa na gidanmu, a wani ƙauye kusa da Tibiri, shekarun da Nasara suka sauke tutarsu aka ɗaga tamu.

Wasiƙun na yayana ne. Shi ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, "na Yamai" take ce masa tun da ya tafi can aikin gini. Babanmu ya rasu, gida ya rage ni da Inna da ƙanwata. Yayana ya fi ni daɗewa a lakwal, yana rubuta Hausarmu da baƙaƙen Faransanci, inda wasali ɗaya zai isa sai ya sa biyu. Ni kaɗai ke iya warware rubutunsa, ko dai haka nake gaya wa mutane. A gidan waya na Dutsi wasiƙa ke sauka, wanda ya je kasuwa ya taho mana da ita. Ranar da ta iso ba a aike na ko'ina. In wanke hannu, in kife turmi in zauna, in yi gyaran murya har sau uku. Karatun kuwa tafiyar jaki ce cikin rairayi. Inda na kafe sai in cike da nawa.

"Ya ce a riƙa ƙara mini nono a hura."

"Haka yac ce?" in ji Inna.

"Ga shi nan, Inna, duba da kanki."

Sai ta yi murmushi ta ce in ci gaba. Ta san ƙarya nake, amma nonon yakan ƙaru.

Wasiƙun yayana cike suke da shi kansa. Na ga kogi. Na hau jirgin fito. Na ci kifin da ya kai cinyata. Na ɗauki buhun siminti biyu, Zabarmawa sun tsaya kallo. Kuma kowace da magana ɗaya take ƙarewa: a gaida raggon nan, a ce masa hauya ba ta cizo. Raggon ni ne. Wannan layin ko idona rufe ina karanta shi.

Ƙanwata ita ce tulun da aka gasa. Ta ci jarrabawa aka kai ta makarantar horar da malamai, sai babban hutu take zuwa, shi kuwa cikin damina yake faɗowa. A hutunta na biyu ta ba mu labarin wani darasi da suke yi. Mushensu zai ba su layi goma daga wani littafi, su shafe awa biyu a kai. Wa ke magana a nan, wa ake yi wa, me ya sa aka zaɓi wannan kalma aka bar 'yar'uwarta, me aka yi shiru a kansa. Na yi dariya har na ƙware.

"Layi goma awa biyu? Ashe da ni aka kai can da na zo na ɗaya."

"Kai kana jinkiri don ba ka gani ba, yaya. Mu muna jinkiri don mu gani."

Na sa wa darasin suna fawar takarda, tunda feɗe ta suke yi su ciro hanji. Ita kuma na koma kiranta sarkin fawa. Ba ta ji haushi ba, ta ce sunan ya fi na Faransancin daɗi.

Ana cikin noma na biyu wasiƙa ta zo. Na kife turmina na karanta. Ana lahiya. Ana aiki. Ana cin abinci. An ga damina ta yi kyau a nan. Sai gaisuwa, doguwa, gida gida, har da tsohuwar da ke sayar da daddawa da Bafulatanin da ke riƙe mana tumaki. A ƙarshe, a gaida ƙanena, ya kula da Inna. Na naɗe takarda na ce lahiya lau, har ma ya fara girmama ni. Inna ta ce alhamdu lillahi ta koma kan tankaɗe.

Ƙanwata ta miƙo hannu. Na ba ta ina jan rai. Ta karanta sau ɗaya, ta sake, sannan ta shiga ɗakin Inna ta ɗauko ƙwaryar da ake ajiye tsofaffin wasiƙun, ta jera su bisa tabarma, ta danne kowace da ɗan dutse. Ta ɗauki fensir tana jan layi ƙarƙashin wasu kalmomi.

"Yaya, zo ka gani. Wagga, mi yac ce?"

"Na ga kogi."

"Wagga hwa?"

"Na ci kifi."

"To nemo mini 'na' guda cikin ta yau."

Na bi da yatsa daga sama har ƙasa. Babu.

"Ana lahiya," ta ce. "Wa ke lahiya? Ana aiki, wa ke aikin? Mutumin da ko tari ya yi sai ya rubuto muna shi ne ya yi, yau ya ɓace daga cikin wasiƙarshi. Ba ya iya yi ma Inna ƙarya. Bai ce ina lahiya ba. Ya ce ana lahiya, kuma gaskiya ne, Yamai cike take da masu lahiya."

"Kowa haka yake cewa. Ke in an gaishe ki ba 'ana nan' kike cewa ba?"

"Kowa yana cewa, shi bai taɓa ba. Kuma ina raggon? Shekara nawa yana kiranka raggo, yau kai ne ƙanena? Gaisuwar ga kuma ba ta mai dawowa ba ce. Yaya, ba shi da lahiya. Ka tahi ka gano shi."

Inna ta daina tankaɗe. Ba ta dubi ƙanwata ba, ni ta duba, don ni ne namijin gida, ni ne kuma na saba karanta mata.

"Kai mi ka gani?"

Yamai ba bayan duniya take ba. Kwana ɗaya zuwa Dutsi, in an dace da mota kwana ɗaya ko biyu a isa. Budurwa ba ta tafiya ita kaɗai, Inna ba ta san hanya ba. Ni ne mai zuwa. Na daɗe ina gaya wa mutane ciyawa ce ta tsare ni, kuma ciyawar tana nan, ba ƙarya ba. Sai dai ni da na yi suna wajen gudun hauya, a makon nan kaɗai na ƙaunace ta. Abin da ya tsare ni turmin nan ne. Yarinyar da na goya ta zo gaban Inna ta karanta abin da ban gani ba cikin takardar da na riga na naɗe.

"Inna," na ce, "sarkin fawa ce ba ta samu nama ba kwana biyu. In ta ga takarda sai ta ciro mata ciwo. Lahiyarshi lau. In an gama girbi ni tahi in kai mishi sabon hatsi."

Inna ta ce to. Ƙanwata ta ɗauko kayenta, littafin rubutunta na makaranta. Ta yago takarda daga ciki ta rubuta wa yayanmu amsa, layi uku. Na leƙa. Babu gaisuwar gida gida, babu labarin damina. "Yaya, mun ji ana lahiya. Kai muke tambaya. Ka rubuto muna da bakinka." Na ce wannan ai rashin ladabi ne, wasiƙa ba gaisuwa kamar miya ba gishiri. Ta ce an koya musu in tambaya ɗaya gare ka kada ka binne ta cikin gaisuwa, don mai son ɓuya zai amsa gaisuwar ya bar tambayar. Ta ba mai zuwa kasuwar Dutsi.

Amsa ba ta zo ba. Hutu ya ƙare ta koma makaranta. Hatsi ya nuna, muka yi girbi. Ina bisa rumbu ana miƙo mini damma na hangi wani mutumin Ɗan Kassari, wanda suke ɗaki ɗaya da yayana a Yamai, tafe da akwatin ƙarfe a ka. Na san akwatin. Ban tuna yadda na sauko ba.

Tari ne, in ji shi, tun farkon damina. Lokacin da ya rubuto mana ya riga ya bar aiki, kwance yake. Ya kai wata biyu bayan haka kafin ya rasu. Wata biyu. Ko da ƙafa na tafi da na iske shi.

Bayan kwana bakwai, da masu gaisuwa suka ragu, muka buɗe akwatin da rana a tsakar gida, ƙanwata ta samu izini ta zo. Riga biyu, tasbaha, da wasiƙarta mai layi uku. Ya buɗe ta. A bayanta akwai rubutunsa, baƙaƙen sun karkace suna gangarawa ƙasa. Inna ta ture takardar wajena. Na dubi ƙanwata, ta girgiza kai, ta ce ni ne mai karatun gida. Ban kife turmi ba. Layi ɗaya ne.

"Ina son in ga gida."

Inna ta jira in ƙara wani abu kamar yadda na saba. Na ce shi ke nan, Inna, iyakarsa ke nan. Ta karɓi takardar ta sa cikin ƙwarya ta rufe da faifai. Har ta rasu ba ta taɓa ce mini laifina ne ba, kuma ba ta daina ƙara mini nono a hura ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

A hutun da ya biyo na ɗauki allo na zauna gaban ƙanwata, da gemuna, yara suna leƙe ta katanga suna dariya. Na ce ta koya mini fawa. Tulun bai gasu ba, amma tambayoyin nan sun zauna: wa ke magana, me ya tsallake. Da su na yi shekaru ina karanta wa ƙauyenmu wasiƙu, a hankali, ban kuma ƙara cusa nawa ba. Sau biyu na ce wa masu wasiƙa su bar gona su tafi. Ɗaya ya dawo yana zagina, ɗansa lafiyarsa lau, aure ma yake nema. Na ji daɗin zagin.

Da na fara rubuta wannan na kai wa ƙanwata ta duba, yanzu ta tsufa, ta bar koyarwa, sai da tabarau. A wurin labarin akwatin na sa "an makara". Ta ja layi ƙarƙashin kalmar farko da fensir, ta turo mini takardar. Na goge na gyara a gabanta. Na makara.