Zaren da Tela Bai Datse Ba

Duk unguwar, Tela ake ce masa, jikokinsa ma Baba Tela suke cewa. A kan keken ɗinki ya tsufa, kuma ba abin da ya tsana a duniya irin ya ga zare yana reto. Ko gaishe shi kake yi, in ya hango zare a wuyan rigarka, sai ya ciro ɗan almakashin da ke aljihunsa ya datse kafin ya amsa maka.

Kwatsam hannunsa ya fara rawa. Ranar da ya ɓata wa wata mata yadi mai tsada, da kansa ya ja ƙofar shago ya rufe. 'Ya'yansa suka ce ya huta. Shi kuwa abin da ya ji shi ne hannunsa ya gama amfani, kuma abin ya ci masa rai ƙwarai. Hatta maɓallin riga matarsa ke sa masa.

Taubashinsa Dogo, tsohon direba mai bakin tsiya, shi ya ja shi bakin tafki. Dogo ya kamu da son fatsar kaf, wani ƙaton kifi mai gashin baki da wayo: yakan tsotsi abinci, in ya ji ƙarfe ya tofar.

"Shi ya sa ba a sa masara a jikin ƙugiya," in ji Dogo. "Naɗe zaren za ka yi a wuyanta, ka bar jela tana lilo a baya. A jelar ake soke masarar. In ya zuƙa, ƙugiya ta biyo tsirara ta kama leɓe. Kuma ka jiƙa ƙullin da yawu kafin ka ja."

Tela ya sha wuya. Zaren santsi, ƙugiya sai sukar yatsa take, hannu na ta kaɗawa. Can ya gano in ya kafa hannun a gwiwa, yadda yake kafa shi a teburin keke, rawar takan lafa. Ƙulli ya fito tsaf, sai ka ce a kanti aka sayo. Amma kafin ya ankara hannu ya riga tunani, almakashi ya datse jelar.

Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai tsoho! Jelar nan ita ce aikin gaba ɗaya. Ba fa wandon ango kake ɗinkawa ba!"

Tela ya sake ɗaurawa, ya sake datsewa. Hali zanen dutse. Da ya ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya koma gida ya miƙa wa matarsa almakashin ya ce, "Ajiye min, ko roƙonki na yi kada ki ba ni." Daga nan kullum yana bakin ƙofa yana ƙulla ƙugiyoyi, yana harar jelarsu yana cije leɓe.

Wata safiya suka koma tafki. Dogo ya miƙo masa ɗaurarriyar ƙugiya daga nasa. Tela ya ture ta, ya ce da tasa zai yi ko ya koma hannu rabbana.

Rana ta ɗaga, shiru. Dogo ya fara yi masa waƙar zolaya ke nan sai sandar fatsar Tela ta lanƙwashe kamar za ta karye. Tela ya miƙe ya riƙe. In kifi ya ja, sai ya saki zare. In kifi ya gaji, sai ya jawo shi. Ya san ƙullinsa kaɗai ke tsakaninsa da kifin. Ƙulli kuwa bai ba shi kunya ba.

Da Dogo ya cicciɓo kifin a raga, sai ga shi ya kai tsawon hannu, ƙugiya a leɓen ƙasa, jela na reto da masararta. Tela ya rungume shi, ruwa da santsi duk a riga, yana dariya hawaye na zuba.

"A hankali, tsoho," in ji Dogo. "Hannunka na rawa."

"Bar shi ya yi rawarsa," in ji Tela. "Yau ya sami kiɗa."