Ƙyallen wuyan Bulus

Har in mutu ba zan manta da ranar da foman ya ce Bulus ya kwance ƙyallensa ba. A wata majemar fata ne a Challawa, da bazara.

Ku sababbin shiga, ga yadda abin yake. Mu leburorin wucin gadi ne. Kullum da safe sai mu taru a bakin get, foman ya nuna waɗanda yake so da yatsa. Mai tari ko ɗingishi ba a nuna shi. A sashenmu ake jiƙa fata a ruwan sinadari don gashi ya zube, kowa yana ɗaure hanci da wuya da ƙyalle saboda wari. Ƙyallen nan shi ya ɓoye ciwon Bulus.

Mutumin Filato ne, ya girme ni, iyalinsa suna Dorayi. Kullutu ya fito masa a ƙarƙashin kunne.

Na ce, “Bulus, goron nan da ka ɓoye a wuya, ba za ka ɓara mana ba?”

Ya ce, “Malam Sale, na biki ne, sai ranar.”

Zuwa asibiti yini ne guda, wanda kuwa ya yi fashi wani ake nunawa a madadinsa. Sai aka kai shi wurin wanzami ya yi masa sakiya. Jini kawai ya fito, wurin bai rufe ba. Murya ta dishe. Tuwo ya daina wucewa, sai koko. A get mukan sa shi tsakiya, mu tare shi da kafaɗunmu.

Ranar, foman ya tsaya kusa da shi, ya shaƙi iska.

“Baba Bulus, wannan ba warin fata ba ne. Kwance in gani.”

Ya kwance. Foman ya kau da kai.

“Je ka nemi magani. In ka warke ka dawo.”

Ni na raka shi babban asibiti, ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro. Ban yi boko ba, amma ina da ido. Yawancin masu zama a bencin jira maza ne irinmu, masu kaushin hannu, sun fara furfura. Akwai wata tsohuwa mai gyambo a harshe, da wata matashiya da hancinta ya toshe, wuya ya kumbura.

Bayan gwaje-gwaje likita ya ce ciwon daji ne. Ya tambayi taba da giya da irin aikinsa. Bulus ya ce taba ya daina tuntuni.

Na ce, “Likita, su wa ciwon nan ya fi kamawa?”

Ya ce, “A nan mun fi ganin maza manya, musamman masu taba ko giya, da wasu masu aiki cikin ƙura da sinadari. Amma ka ga benci, bai bar mata da matasa ba. Kusan duk a makare suke zuwa. Da tun kullutun yana ƙarami kuka kawo shi, da abin ya zo da sauƙi.”

Bulus bai ga girbi ba. A garinsu aka binne shi. Washegarin ranar da foman ya kore shi an riga an nuna wani.

Abin da na koya ke nan: a aikinmu ciwo laifi ne, don haka ɓoye shi muke yi, muna taya juna ɓoyewa har ya ci mutum. Yanzu a get wuyan mutane nake kallo. Na san waɗanda ba sa kwance ƙyalle ko wurin cin abinci.

Tun bara tawa muryar ta dishe. Nakan ɗaure nawa sosai kafin in iso get.