Kaskon Birkin Motar Yaya

A shekarun da taki ya gagari talaka, fetur kuma sai an wuni a layi, yayata ta sayi mota. Ba don ƙawa ba. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma abin da take ba direbobi duk ranar kasuwar Ɗambatta ya fara cinye ribar. Ta sayar da shanunta, ta haɗa da kwasar adashi, ta karɓo 'yar ƙaramar a-kori-kura sabuwa fil daga wani kamfani a Kano, sauran a biya a hankali. Ni na zama direba, don albashinmu na malaman firamare a lokacin sai ya ga dama yake zuwa.

Tsakiyar damina birkin baya ya fara kuka. Wata rana muna tafe da jarkoki na taka birki, motar ta yi kamar ba da ita nake ba, sai a gonar dawar wani bawan Allah muka tsaya. Yaya ta fito tana salati, ta fara duba jarkokinta kafin ta tambayi lafiyata.

Makanikin garinmu, mai gareji a gindin tsamiya, ya kwance tayar ya nuna mana. Ƙarfen nan mai kama da kasko, wanda birki yake kamawa, shi ne ya tsage. Ya sa wani, Yaya ta biya tana mita.

Bayan girbi sai ga sanarwa a rediyo: duk mai irin motar ya kai a canja masa kaskon birki kyauta, aibin daga masana'anta ne.

"Kyauta?" in ji Yaya. "To mu da muka riga muka biya fa?"

Na ce, "Yaya, a yi haƙuri mana."

"Kai ka yi, ai ba guminka ba ne. Ɗauko makulli."

A ofishin kamfanin wani matashin manaja ya karɓe mu cikin ladabi. Ya ce, "Hajiya, ƙa'idarmu sai gyaran da aka yi a garejinmu."

"Ɗan nan, da garejinku na jira, da tuni an yi sadakar arba'in ɗina."

Ya tuntsire da dariya, ya shiga ciki ya yi shawara. Da ya fito ya ce mu kawo rasit da tsohon ƙarfen, in injiniyansu ya tabbatar za a mayar mata da kuɗinta.

Rasit bai yi wuya ba, na rubuta makanikin ya sa hannu. Da muka tambayi ƙarfen kuwa sai ya hau sosa ƙeya. Ashe ya ba malamin Islamiyyar unguwarmu, an rataye shi a bishiya, shi ake bugawa yara su shiga aji. Kullum da yamma ina jin ƙararsa ban san namu ba ne.

Malam ya ji bayaninmu ya girgiza kai. "Hajiya, tunda na fara koyarwa ban samu ƙararrawa mai daɗin amo kamar wannan ba."

Sai da makanikin ya yi alkawarin kawo masa wani ƙarfen kafin ya yarda aka kwance. Yara suka biyo motar suna tsalle, a zatonsu an tashi makaranta ke nan. Tsawa ɗaya Malam ya daka musu suka juya.

A Kano injiniyan ya jujjuya kaskon, ya ga tsagar, sannan ya nuna wasu tabbai a gefe. "Waɗannan fa? Hatsari kuka yi?"

Yaya ta ce, "A'a, karatu ya koyar."

Na yi musu bayani. Wani ma'aikaci ya ɗaga shi ya ƙwanƙwasa da sifana, amon ya cika garejin, har masu shara suka leƙo suna dariya. Nan take suka canja mana na ɗaya ɓangaren kyauta. Kuɗin kuwa sai da aka ja lokaci suka fito, kaya sun ƙara tsada, amma Yaya ba ta damu ba, ita dai an ba ta gaskiyarta.

A hanyarmu ta komawa gida ranar, duk inda titi ya yi fili sai ta ce, "Taka mu ji." In taka, motar ta tsaya cak, ta gyaɗa kai. Masu babura suna wuce mu suna waiwaye, har muka isa gida ana kiran magariba.