Inna Fatsuma da Wutar da Ta Kai Maraɗi

Kafin manyan motocin da suka kwana a bakin iyakar Magama su tayar da injinansu, Inna Fatsuma ta riga ta durƙusa a gaban murhu tana tona toka da ɗan kara, tana neman garwashin da ta binne jiya. Idan ta same shi sai ta hura a hankali, ta ɗora kasko, ta zuba ƙwayar gahawa tana juyawa har ta yi duhu. Daga nan turmi ya karɓa, a daka ta da citta da kanumfari da ɗan kimba da gasasshen ƙwallon dabino. Ƙamshin yakan tashi ya bi layin motoci kamar mai cigiyar wani, ya leƙa tagar direban da bai gama farkawa ba. Na sha tsayawa a wurin ina raya wa kaina cewa da ƙamshi yana da fasfo, da shafukansa sun daɗe da cika.

Masu zama a kan tabarmin Zauren Gahawa a Katsina da Funtuwa sun san Zunnuraini, matashin da ya kafa shagunan ya gina su da siffar zauren gidan kakanni. Kaɗan ne suka san matar da ta riƙe murhun shagon farko a nan Jibiya tun yana rumfar kara. Ita ce ta kawo al'adar da kamfanin ke tinƙaho da ita a yau: ba a kunna murhun sabon reshe da ashana, sai an ɗebi garwashi daga murhun Jibiya an kai, kamar yadda mata ke ɗebo wuta a gidan maƙwabta. Ita take kaiwa da kanta, cikin tukunyar ƙasa, tana ciyar da wutar da gawayi a hanya.

Ke ce uwar murhu, Inna. Kin yi shekaru kina shaƙar hayaƙi domin wasu su shaƙi ƙamshi.

A daminar bana likita ya ce ƙirjinta ba zai ƙara ɗaukar hayaƙi ba. Ta amince za ta ajiye aiki, amma ta roƙi abu guda, a bar ta ta kai wuta sabon reshen Maraɗi, garin da aka haife ta, wanda ta baro da aure tun tana da ƙuruciya. Tana so aikinta na ƙarshe ya zama mayar da wuta gida.

Arzika, direban da ya ɗauke ta, shi ya ba ni labarin tafiyar. Sun tsallaka iyaka lafiya, suka shiga layin duwan, wato kwastan na Nijar, a Ɗan Isa. Hadari ya haɗu ta gabas, garin ya yi shiru, har akuyoyi suka shige ƙarƙashin motoci. Inna ta sauka da tukunyar don ta ƙara gawayi, ta ɗaga murfi ke nan sai sama ta ɓalle. Ta rufe tukunyar da mayafinta, ta sunkuya a kanta da dukan jikinta. Da ruwan ya tsagaita suka duba, babu komai sai baƙin gawayi da tururi.

Arzika ya matso kusa da ita. Ya laluba aljihu ya fito da ashana, ya nuna mata cewa daga shi sai ita sai Allah, kuma wuta ba ta da tambarin gari a goshinta.

"Mayar da abinka aljihu, ɗan nan," in ji ta. "Kai da sigarinka ma ba ku gama shiryawa ba, za ka shirya ni da mutanen Maraɗi?"

Ta ɗauki tukunyar ta bi ta cikin taɓo har rumfar wata mai ƙosai da ake kira Salmatu, wadda ba ta taɓa gani ba. Ta yi sallama, ta gaishe ta da ruwa, ta ce ta zo ɗibar wuta. Salmatu ba ta tambayi daga ina ba. Ta cika mata tukunya da jan garwashi, ta ƙara mata da ƙosai a takarda.

A Maraɗi an cika zaure, mai gabatarwa har ya sanar cewa ga wutar Jibiya ta iso ba ta taɓa mutuwa ba. Jama'a na tafi. Tana iya yin murmushi ta zuba garwashin, a rufe shekarunta da wannan yabo. Sai ta ɗaga hannu.

"Ta Jibiya ta mace a hanya, ruwa ya cinye ta. Wagga ta Salmatu ce, mai ƙosai a Ɗan Isa. Ku sa ta cikin addu'a."

Zunnuraini ya gaya mini cewa abin bai yi masa daɗi ba a lokacin, domin a kan waccan magana aka tallata bikin. Amma wani dattijo ya ce a hura, a ɗora kasko, baƙi na jira. Aka hura. Tun daga ranar ƙa'idar ta canza: duk reshen da za a buɗe, a gidan maƙwabcinsa zai roƙi wuta.

Nakan yi tunanin tukunyar nan a cikin ruwan sama, da ke a sunkuye a kanta. Kin rasa abin da kika fi so ki kai gida, kuma kin ƙi saya wa kanki madadinsa da ƙarya. Mun gode, Inna Fatsuma. Allah Ya sanyaya ƙirjinki, Ya sa ki huta cikin 'ya'ya da jikoki. Mu kuwa da muke tasowa, ranar da tamu ta mutu a hanya, Allah Ya ba mu ƙarfin halin yin sallama a ƙofar wanda ba mu sani ba, mu kuma ambaci sunansa a gaban jama'a.