Mayen Ƙarfen Yaya Sani

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sani, mai injin niƙa a Kurugu. Har yau ni ke riƙe da injin, kuma mayen ƙarfen da ya ciro daga tsohuwar lasifika yana nan ɗaure a bakin da gari ke zubowa.

Kullum da yamma yakan kwance shi ya nuna mini abin da ya kama: guntun waya, kan ƙusa, baƙin garin ƙarfe daga haƙoran inji. Yakan ce, "Ƙarfe kaɗai yake ja, Idi. Tsakuwa da tagulla sai dai idonka."

Wata Laraba makullin babur ɗina ya faɗa rijiya. Na kwance mayen ƙarfen ban faɗa masa ba, na ɗaura a igiya, na yi ta zurawa har la'asar. Ashe makullin na tagulla ne, bai ko motsa ba. Na jefa mayen a aljihun babur na manta da shi kwana biyu.

A kwanakin nan biyu muka niƙa wa Malam Buba, makiyayi daga wajen Rogo, dusar shanunsa. Bayan mako uku saniyarsa mai ciki ta daina cin abinci. Da aka yanka ta, ƙusa aka samu ta huda tumbi. Malam Buba ya zo da ƙusar a tafin hannu, a gaban mutane. Yaya ya dubi bakin inji, inda na riga na mayar da mayen, ya dubi ƙullin da ba nasa ba, ya ce, "Sakacina ne." Ni kuwa ina tsaye ina kaɗe buhu. Malam Buba bai sake gaishe shi ba har Yaya ya bar duniya.

Yanzu 'yan jari-bola ma da mayen ƙarfe suke yawo, suna gwada tukwane. Da Yaya ya gani, ina jin dariya zai yi ya ce sun sace masa sana'a. Ni ban ji komai ba, kamar yadda ban yi kuka ba ranar jana'izarsa.

Makon jiya na je rugar Malam Buba. Ya tsufa, ba ya gani sosai. Bayan gaisuwa na faɗa masa komai. Ya ce, "Allah ya jiƙan Sani. Amma Idi, ni da shi ya kamata ka haɗa, tun yana ji."

Na dawo na kunna inji. Mayen bai rage ƙarfi ba ko kaɗan. Da yamma na kwance shi, na share abin da ya kama, ba wanda zan nuna wa.