Murhun Inna da Yayen Basiru

A ranin shekarar da na shiga aji uku na firamare, wata ranar kasuwar Bagudo, na dawo daga makaranta na tarar da gidanmu cike da mutane kamar ana suna. Tsakar gida ta jiƙe jagab, tukunyar tuwo tana kife a gefe, duwatsun murhu suna ta tururi, ga mata tsaye da bokitai da ƙore, kowace tana rantsuwa ita ce ta fara hango hayaƙin. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki, zanenta sharkaf da ruwa, ta ƙanƙame ƙanena Basiru, wanda a lokacin bai daɗe da fara rarrafe ba. Babu abin da ya ƙone. Ɗanyen itace ne ya turnuƙe, maƙwabciyarmu ta leƙo ta saman danga, ta kurma ihu wai wuta ta kama gidan makauniya. Da a gidan wata ne, iyakarta a yi mata sannu da hayaƙi a wuce.

Ba da makanta aka haifi Inna ba. Bayan haihuwata ne idonta ya soma dushewa a hankali, aka yi na gida aka yi na asibiti, har ya tafi gaba ɗaya. Ni dai a haka na tashi na gan ta, kuma ban taɓa kwana da yunwa ko tafiya makaranta da dauɗa ba. Amma a ranar nan an yi rashin sa'a, Gwaggo Hajo ta zo cin kasuwa. Yayar Baba ce, tana aure a wani ƙauye can ƙetaren iyaka, cikin ƙasar Benin. Da yamma ta tare Baba a zaure, ba ta ko rage murya ba: "Umaru, makauniya da wuta da jinjiri ba su zama gida guda. Ka ba ni yaron ga tun ba a yi abin kunya ba." Baba mutum ne mai jigilar kaya a babur zuwa bakin iyaka, kullum cikin cacar baki da masu tsaron hanya, amma gaban yayarsa ko tari ba ya iya yi da ƙarfi. Ya ce a bari yaro ya ƙara ƙwari. Inna tana jin su sarai, domin mutane sun saba magana a gabanta kamar da kunnen ma ya tafi tare da idon.

Washegari ta aike ni fadama ɗebo laka. Ta kwaɓa da kashin jaki da busasshiyar ciyawa, ta zauna dirshan tana gini da hannu, tana shafawa tana aunawa da gindin tukunya. Abin da ta gina ya kai gwiwarta tsawo, a rufe yake ko'ina, da baki ɗaya tak mai kallon bango, inda hannunta kaɗai ke kaiwa. Basiru ya yi ta rarrafe yana kewaya shi, bai ga ko jan wuta ba. Sai kuma muka lura murhun nan ba shi da cin itace. Matan unguwa kan tafi yin itace har kusa da iyaka, su dawo da rana tsaka wuya ya sage, suna ƙorafin daji ya ƙare. Inna ba ta da halin bin su, ni kuma na yi ƙanƙanta. Saboda haka muka koma ga abin da kowa ke zubarwa: totuwar masara, ɓawon gyaɗa, karan dawa, ƙaiƙayin shinkafa daga wurin masu casa, da busasshen kashin shanu da wata Bafulatana mai kawo mana nono take taho mana da shi daga ruga. In wake za ta dafa, da ya tafasa sosai sai ta sauke, ta naɗe tukunyar da tsummoki da tsohon buhu, ta tura cikin kwando ta rufe, ta kashe wutar. Kafin azahar ya nuna luguf. Burinta kawai wuta ta mutu da wuri, kafin wani ya samu abin faɗa.

Haka ta bi gidan nan lungu-lungu tana toshe duk wata ƙofar zargi. Leda ba ta kwana mana a gida, don iska na iya kwasarta ta jefa a wuta, ko yaro ya cusa a baki. Da kwando da ƙwarya nake zuwa cefane, masu tebur suna yi mini dariya wai na zo da kayan kakata. Ledojin ruwa da nake tsintowa a hanya kuwa, sai ta cika su da ƙasa da toka da kashin awaki, ta dasa irin zogale da gwanda, in sun yi ƙwari mu mayar da su bayan ɗaki. Ruwan wanke-wanke ba a watsa shi a tsakar gida, kada santsi ya kayar da Basiru. Gindin rama da yakuwa ake kai shi. Kafin damina biyu bayan ɗakinmu ya yi kore shar, har matan da suka watsa mata ruwa suka riƙa aiko yara roƙon ganyen miya. Tana ba su, ni kuwa ina tsinka ina zumɓura baki.

Sai dai duk wannan tsari kurkuku ne muka gina wa kanmu. Inna ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna, har gaisuwar mutuwa sai ta maƙwabta na kusa, don kada a ce ta fita ta bar yaro, ko ta goya shi ta faɗa rami da shi. In Basiru ya yi tuntuɓe ya kurje gwiwa, kamar yadda ɗan kowa ke yi, sai ta hana shi leƙa ƙofar gida har wurin ya warke. Ni ma abin bai bar ni ba. Ana tashi daga makaranta, 'yan ajinmu za su tsaya gindin mangwaro yin carafke da 'yar gala-gala, ni kuwa sai gudu gida. In an yi gaɗa da yamma a dandali, daga cikin gida nake bin waƙar. Wasu 'yan maza sukan rufe ido su kama kara su biyo ni a baya suna lalube, suna kiran "jagora, jagora, kai mu gida". Na fasa wa ɗayansu baki da allo, an yi mini bulala, kuma har yau ban ji na yi asara ba. Na ji haushin yaran, na ji haushin garin, wani lokaci har Inna nakan ji haushinta, in rasa inda zan kai shi.

Mun toshe ko'ina, muka manta da yaye. Da Basiru ya isa a cire shi daga nono, sai ga Gwaggo Hajo da fara'arta, da tsarabar garin rogo da man ja. Wannan karon ba ta ambaci wuta ba, ba ta ambaci makanta ba. Cewa ta yi ta zo ɗaukar ɗanta yaye. A wurinmu haka ake yi: a kai yaro gidan kaka ko gwaggo ya ɗan kwana biyu har ya manta da nono, sannan a dawo da shi da sabuwar riga. Ni kaina a gidan kakata aka yaye ni. To da wane baki Inna za ta ce a'a? In ta hana, a ce ta raina dangin miji, ta kuma nuna rashin kunya a kan ɗa. Ta roƙi Baba a kai shi wurin ƙanwarta a Kende, inda ko da ƙafa ana zuwa, ya ce ba zai iya kallon idon yayarsa da wannan magana ba. Da hannunta ta yi wa Basiru wanka, ta ɗaure kayansa a ɗankwali. Ta tambayi Gwaggo yaushe za a maido shi, ita kuwa ta ce, "Da ya manta, Saratu, da ya manta." Suka hau bayan babur ɗin Baba. Inna ta tsaya a ƙofar gida, fuskarta tana bin ƙarar har ta ɓace.

Daga nan sai uzuri ya riƙa bin uzuri. Damina ta ɓata hanya. Yaro yana mura. An tsananta a bakin iyaka. Ya saba da 'ya'yan gidan, a bari sai bayan Sallah. Baba yana ganinsa in ya ƙetara da kaya, ya dawo ya ce yana nan lafiya, ya yi ƙiba. Inna ba ta da hanyar zuwa sai a bayan babur ɗin mutumin da ba ya son kai ta, ni kuma ban san hanya ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta sassauta komai ba. Kullum sai ta share gidan ta laluba ƙasa da tafin hannu ko akwai ƙaya ko kwalba, ta kashe wuta da wuri, kamar wani zai zo dubawa ya ce ta ci jarrabawa.

Ina ajin ƙarshe na firamare aka zo da shi, bikin wata 'yar baffanmu. Ya yi tsawo, bakinsa ya fi karkata ga Dandanci, yaren can ƙetare, yana maƙale da zanen Gwaggo yana kiranta Inna. Da ƙyar aka turo shi gaban mahaifiyarsa. Ta kama shi tana shafawa tun daga kai, kunne, kafaɗa, hannuwa, har ta gangara ƙafa. A ƙafar hagu hannunta ya tsaya. Wani tabo ne shimfiɗeɗe tun daga idon sawu har tsakiyar ƙwauri, fatar ta tattare tana sheƙi. Gwaggo ta yi saurin cewa ai tun yana ƙarami ne ya faɗa murhu tana tuƙin tuwo, ƙaddara ce, an gode Allah da abin ya tsaya nan. Matan da ke wurin suka amsa da cewa wallahi yaro sai Allah. Inna ta daɗe da hannunta a kan tabon, sannan ta ce Allah ya kiyaye gaba. Da muka keɓe na tsare ta ina kuka, na ce me ya sa ba ta yi magana ba, me ya sa ba ta riƙe shi ba. Ta ce, "Luba, mai ido in ta yi, ƙaddara ta. Ni da ban yi ba, an riga an yanke mani." Da biki ya watse, Basiru ya bi Gwaggo suka koma.

Yanzu ina koyarwa a Bagudo. Rediyo kullum cikin kira yake a rage sare itace, a rage leda, a dasa bishiya, abokan aikina kuma suna yaba mini wai gidana abin koyi ne. Nakan yi murmushi kawai, don na san tsoro ne ya koya mana, ba wayewa ba. Daji ya ƙara nisa, gari ya cika da babura da wayoyi, amma kwanan baya a wurin wani suna na ji mata suna raɗa a kan mai jegon, wadda gurguwa ce, suna tambayar wa zai raini jaririn. Inna ta tsufa, tana wurina. Basiru ya zama magidanci a can ƙetare, yana zuwa duk Sallah da tsarabarsa, ya durƙusa har ƙasa cikin ladabi ya ce, "Ina wuni, Innar Luba?" Takan amsa masa da fara'a, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Har yau ban ji ta gyara masa ba.