Ranar da Na Ce Babu Sauƙi

Salamu alaikum jama'a. Kun sha tambayata dalilin rubutun da ke goshin motocina, ina dariya ina sharewa. Yau na tsufa, zan faɗa. Mai rainawa ya raina.

Zamanin Turawa ne, gab da su tafi. Na bar makarantar midil ina taya Baba fataucin shanu, wani bijimi ya soke ni a cinya a Ruma. Aka yi ta maganin gida har ciwo ya fara wari, sannan aka ɗora ni a mota bisa buhunan gyaɗa sai asibitin birni. Karsana guda jinyar ta ci.

Wankin miki, allura, ɗibar jini. Ƙafa ta fara kamewa, kai kuma ya kwance.

Barci ya ƙaurace mini. Tuwo kamar ƙasa a baki. Ni da ke kayar da maraƙi, sai in zauna ina kuka ba dalili. Ranar da aka fitar da gawar dattijon gadon kusa da ni, hassada na yi masa.

Kullum likita Bature zai tsaya, tafinta ya ce, "Ya jiki?" In ce, "Da sauƙi." A juya masa, ya wuce. Shi ya ɗauka rahoto nake ba shi. Bai san ko mai gargara haka yake amsawa a ƙasarmu ba.

Na san abin da ke jiran wanda aka ce ya taɓu: gidan yari, da mari a ƙafa. In ka fito ko akuya ba mai saya a hannunka. Shi ya sa na kama bakina.

Sai wata safiya na ga ina auna askar wanzamin da ke zuwa mana aski da ido, ina tunanin wuyana. Da aka tambaye ni, na ce, "Babu sauƙi."

Baba da ya zo duba ni ya miƙe. "Mamman, yi istigfari. Ɗan musulmi ba ya faɗin haka."

Na ce, "Baba, Allah ya san babu. Likita ne bai sani ba."

Tafinta ya ce, "Samari, in juya haka?"

"Juya. In ka sa gishiri, ina jin Turanci."

Likita ya zauna bakin gado, ya yi ta tambaya. Baba ya ce wa tafinta, "Gaya mashi in gidan yari ne, mu biyu za a ɗaure."

Likita ya ce ciwon jiki yakan jawo na zuciya, kuma ba ni ne farau ba a ɗakin nan. Aka ba ni maganin barci, aka maida gadona baranda, aka bar Baba ya wuni yana mini hirar shanu. A hankali, ba rana ɗaya ba. Da na nemi fura da kaina, Baba ya juya baya yana share ido.

Kafin in dawo Batsari labari ya riga ni. Mahauta suna, "Babu Sauƙi, an sako ka?" Da na sayi motar farko na sa aka rubuta musu shi da jan fenti.

Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Baba.

In kuna jinyar wani, kada ku tsaya kan mikin. Ku duba barcinsa, cinsa, shirunsa, ku gaya wa likita. Kai kuma da ke kwance, ka gaida masu dubiya da "da sauƙi" in ka so. Likita ba dubiya ya zo ba.